Zubin Farko

Tun ranar da aka liƙa takardar nan a ƙofar coci, Auta bai sake zama wuri ɗaya ba. Takardar ta ce garinsu ne zai karɓi babban taron matasan Katolika, kwana biyar cur, kuma ana sa ran baƙi dubu ɗari biyu. Dubu ɗari biyu! Lambar ta shige masa kunne kamar sauro. Yana murza kwaɓi yana jin ta, yana wanke gwangwanayen gashi yana jin ta. Ko gaishe shi aka yi sai ya ɗan yi jim kafin ya amsa, don hankalinsa na can wajen lissafi: ko mutum ɗaya cikin ɗari ne ya sayi burodi, ai shi ke nan, ya haye.

Gidan burodin na marigayi mahaifinsa ne. Ɗaki biyu ne a jere. Na baya yana da tanderun bulo da teburin murji wanda tsakiyarsa ta lotsa saboda tsufa, na gaba kuma kanta ce da kujerar da Inna, mahaifiyarsa, ke zama tana sallamar masu saye. A saman rufin ne burin Auta yake. Ɗaki ɗaya yake so ya ɗora, mai faffaɗar taga ta gabas, ya sa Malama a ciki. Shekara uku yana nemanta, shekara uku yana ce mata saura kaɗan.

Garin ma ya kasa zama. Aka cike ramukan titi, aka yi wa turakun fitila fenti, aka jera banɗakunan roba a bakin babban fili kamar sojoji. A rediyo kullum musu ake. Wannan ya ce kuɗin da aka kashe sun isa a gyara asibiti biyu, wancan ya ce masu masauki da direbobi da 'yan kasuwa za su mayar da su ninki biyu kafin baƙi su tafi. Idan na farkon ya fara magana sai Auta ya rage murya, idan na biyun ya karɓa sai ya ƙure ta.

Sati biyu kafin taron Malama ta biyo da yamma riƙe da takarda. Tana koyarwa a firamaren da ke bayan tasha, tana cikin mawaƙan coci, yanzu kuma an ba ta rigar 'yan sa-kai mai ruwan ɗorawa wadda ta yi mata yawa.

"Mai burodi, ajiye kwaɓin nan ka saurare ni," in ji ta. "Kowane baƙo ya riga ya biya kuɗin cinsa tun daga garinsu. Tikiti za a rataya musu a wuya. Shagon da ya yi rajista da kwamiti ne kaɗai zai karɓi tikitin, daga baya kwamiti ya biya shi. Ga fom, gobe ake rufewa."

Ya goge hannu a gaban riga, ya duba farashin da kwamiti ya yanka, ya fashe da dariya.

"Wannan ai farashin sari ne! Mutum dubu ɗari biyu za su zo da yunwarsu, ni kuma in sayar musu kamar ina roƙonsu?"

"Yara ne fa, Auta. Ɗalibai. Wasu shekara biyu suka yi suna tara kuɗin mota."

"Ɗalibi ba shi da hanci? Bari ƙanshin nan ya tare su a bakin layi, da kansu za su manta da wani tikiti."

"To, ni dai na faɗa." Ta ninke takardar ta tura ƙarƙashin sikeli. "Kai idan lissafi ya hau kanka, ko gobara ake yi sai ka ƙarasa shi."

"Tagar ɗakinki nake lissafawa."

Ta tsaya a bakin ƙofa, ta juyo ta dube shi.

"Ni na ce maka taga nake jira?"

Ta fita. Takardar ta kwana ƙarƙashin sikeli, ta sake kwana, har maiƙo ya ɓata ta.

Gidan yana da wata ƙa'ida da marigayi ya kafa. Burodin da ya fara fitowa daga tanderu da asuba, guda sittin, ba a ɗora shi a kanta. Shi ake kira zubin farko, kuma na Baba Mai Shayi ne, dattijon da ke da tebur a ƙofar firamaren su Malama. Shi ne mutumin farko da ya sayi burodin marigayi lokacin da babu wanda ya san shi, kuma har yau sauran masu shayi da masu ƙananan shaguna bakinsa suke kallo. Inda Baba ya saya nan suke saye. Idan ya juya baya, rabin cinikin gidan ya juya tare da shi. Auta ya san wannan sarai. Amma sittin sau biyar a farashin sari, alhali ga baƙi za su biya ninki, abin ya tsaya masa a maƙogwaro.

Ana gobe taro ya je. Ya tarar da Baba yana ɗaga kofi sama yana tsiyayo shayi cikin wani kofin, ko ɗigo bai zuba ba.

"Baba, dama na kwana biyar ɗin nan ne. Ba zan samu kawo zubin farko ba."

Baba bai ɗago ba. "Tanderun ne ya fashe?"

"A'a."

"Innarka ce ba lafiya?"

"Lafiyarta ƙalau."

"To fulawar ce ta yi ƙafa ta gudu?"

"Baƙi ne, Baba. Kowane burodi ina bukatarsa a kanta."

Sai a lokacin Baba ya ajiye kofunan.

"Ranar da aka haife ka ubanka ya kawo min sittin. Ranar da aka binne shi uwarka ta aiko min da sittin, da zafinsu. Amma ba komai. Je ka, ɗana, Allah ya kawo kasuwa."

Da ma zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi. Auta ya dawo yana sauri kamar ana bin sa. Inna ta ji labarin, ta gama goge saman kanta, sannan ta ce:

"Ka sallami mai shayi don ka jira masu waƙa. To, ni dai kujerata nake."

Duk abin da ya tara na ginin ɗaki ya juye shi a fulawa da sukari da yis da itace. Da can burodi ɗari da hamsin yake gasawa a yini. Ranar farko ta taro ya gasa ɗari biyar, har bakin tanderu ya ƙona masa damtse bai kula ba. Ya jera su har saman kanta, jajaye, masu sheƙi, ya buɗe ƙofa da tagogi don ƙanshi ya fita yawo.

Suka zo kuwa. Wayyo, suka zo! Bai taɓa ganin mutane haka ba. Babban titin da ke bakin layinsu ya zama kogi, tutoci kala-kala suna kaɗawa a samansa, ga ganguna, ga garaya irin ta zamani, ga harsunan da bai taɓa ji ba duk suna waƙa ɗaya. 'Yan mata da samari sun riƙe hannun juna, fuskokinsu na ƙyalli da zufa da murna, har Auta ya ji ƙwalla ta cika masa ido bai san dalili ba. Sai dai kogin yana da gaɓa. An kafa shingen ƙarfe a bakin layi don kada jama'a su watse, aka kuma hana motoci shiga, don haka har masu tsayawa da mota su sayi biyu ko uku, ranar ba su zo ba. Auta ya fita bakin shinge ya dawo, ya gyara jerin burodi, ya sake fita. Kafin azahar ya yi zirga-zirgar nan ta fi sau talatin.

Can wasu su takwas suka ɓallo ta gefen shinge, hanci a sama, suna lumshe ido. Suka cika shagon da dariya. Wata 'yar siririya mai hular ciyawa ta ɗaga tikitin da ke wuyanta tana murmushi. Auta ya girgiza kai, ya nuna mata farashin da ya rubuta a allo. Suka dubi juna, suka zazzage aljihu, suka haɗa 'yan tsabar da suka samu, suka sayi guda ɗaya. Nan a tsaye suka gutsuttsura shi gida takwas, suka yi wa Inna waƙa, suka ɗauki hoto da ita, mai hular ta ciro ɗan gicciyen katako mai zare ta danƙa mata a hannu.

Da suka fita Inna ta miƙa masa.

"Ga ribar yau, Auta. Rataya a wuya kada ta ɓace."

Burodi arba'in da ɗaya ya sayar ranar.

Ya ce wa kansa ranar farko ce, kowa da guzurin gida a jaka. Washegari ya sake gasa ɗari biyar. Kogin ya sake wucewa da waƙarsa. Wasu suka leƙo, suka ɗaga tikiti, suka ba shi haƙuri kamar su ne suka yi laifi, suka fita. Burodi ya cika kanta, ya hau buhunan fulawa, ya hau teburin murji, har Inna ta ɗauke kujerarta ta koma bakin ƙofa. Ƙanshin da yake taƙama da shi ya fara nauyi, ya fara tsami a ƙasa-ƙasa. Ya kasa cin abinci. Ya zauna ya miƙe, ya ɗauki burodi ya matsa ya ajiye. Kuma duk da haka, da yamma hannunsa ya sake kwaɓa fulawa, don bai san yadda ake barin tanderu ya huce ba.

Rana ta uku da sassafe, zubin farko na fitowa ke nan, Malama ta shigo tana ɗingishi, takalmi ɗaya a hannu, muryarta ta dishe. Ta dubi tsaunin burodin, ta dubi ƙunar damtsensa.

"Sannu, Inna. Auta, mutum dubu uku ne ke kwana a makarantarmu. Aji-aji, har baranda. Da sun farka teburin Baba suke nufa, layi har tasha."

"Da tikitin nasu?"

"Tun satin farko ya yi rajista. Ni na cike masa fom ɗin, ya dangwala yatsa. Motar kamfanin burodi ke kawo masa ɗari shida kullum. Yau kuma an rufe duk hanyoyi saboda jerin gwanon gicciye, motar ta maƙale a bayan gari. Shayi tsura yake ba yara."

Ɗari shida. A farashin da ya yi wa dariya.

"Ba shi ke nan ba," in ji ta. "Mai motar ya yi masa tayin ya ci gaba da kawo masa bayan taro, da rangwame. Sauran masu shayi duk sun ce abin da Baba ya yanke shi ne nasu."

"Shi ya aiko ki?"

"Baba? Ya aiko? Ko sunanka bai ambata ba. Abin da ya tayar min da hankali ke nan."

Bai tsaya jin ƙari ba. Ya jawo amalanken ɗaukar fulawa, ya shimfiɗa tsabtataccen zane, ya fara loda na shekaranjiya a gaggauce, na jiya a kansu. Inna ta miƙe, ta riƙe masa hannu.

"Na yau a sama. Zubin farko ne, ka rufe shi kada ya huce. Idan za ka je neman gafara, kada ka je da fuskar ɗan kasuwa."

Tafiyar da yake yi cikin minti goma ta ci masa awa guda. 'Yan sa-kai suka tare shi a shinge, Malama ta nuna rigarta ta yi ta magiya har suka ɗage masa. Ya kutsa cikin kogin da amalanke, yana "hanya, hanya," babu mai jin yarensa. Ƙafar amalanken ta faɗa rami, burodi uku suka gangara. Kafin ya sunkuya wasu samari sun tsince su, sun kaɗe, sun mayar, sannan suka kama amalanken ta ko'ina suna turawa suna waƙa, a zatonsu shi ma cikin hidimar yake. Kunya ta rufe shi. Jiya ya hana su burodi don ba su da kuɗi, yau ga su suna tura masa shi da kafaɗunsu.

Baba na tsaye cikin hayaƙi tsakanin manyan butoci uku, hularsa ta karkace, layi ya miƙe har inda ido ba ya kai. Ya hango amalanken, ya ci gaba da zuba shayi.

"A'a, manyan 'yan kasuwa. Baƙin naka sun ƙoshi ne?"

Auta ya durƙusa nan cikin jama'a.

"Baba, na yi kuskure."

"Kuskure shi ne ka zuba gishiri a madadin sukari. Wannan da idonka biyu ka yi shi. Tashi, kana tare min layi."

Ya zagayo, ya ɗage zanen. Tururin zubin farko ya tashi, waɗanda ke gaban layi suka yi wata 'yar sowa. Baba ya danna ɗaya da babban yatsa, ya ga ya lotsa ya dawo. Ya tura hannu ƙasa ya zaro wani, ya danna, ya shinshina, ya ƙara zurfafawa ya zaro na can ƙasa, ya ƙwanƙwasa shi a gefen tebur.

"Wannan ai da shi za ka gina ɗakin amaryar." Malama ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Baba ya ci gaba: "Saurara. Na yau na saya, farashinmu na kullum, ko ƙwandala ba zan ƙara ba. Na jiya ka yanka, mu gasa a kasko da man shanu, a ba yaran nan kyauta, ba na karɓar tikiti a kan burodin jiya. Na shekaranjiya ka kai wa mai kaji, in ya yarda. Ka iya yanka, ko shi ma sai baƙi sun biya ninki?"

Auta ya karɓi wuƙa. Ya yi ta yanka har hannunsa ya sage, Malama na shafa mai, Baba na zuba shayi yana yi wa kowa tsiya da yaren da ba sa ji, su kuma suna dariya. Mai hular ciyawa ta iso gaban layi, ta gane shi, ta nuna gicciyen da ke leƙowa daga wuyan rigarsa, ta tafa hannu. Bai ma san lokacin da ya rataya shi ba.

Sauran kwana biyun duk abin da ya gasa teburin Baba ya tafi, kuma ko ɓarɓashi bai rage ba. Amma farashin sari na kwana biyu da rabi bai mayar da fulawar da kaji suka ci ba. Da ya zauna ya duba abin da ya rage, ya san bana babu ɗaki, babu taga.

Ranar Litinin garin ya wayi gari shiru kamar gidan da aka gama biki. Manyan motoci na kwashe shingaye da banɗakunan roba, ciyawar babban fili ta zama ƙasa, masu shara na tara robobin ruwa tsibi-tsibi. A rediyo mutanen nan biyu suna nan suna musunsu, kowa da lambobinsa. Auta ya kashe ta, ya lulluɓe zubin farko, ya tura amalanke.

Motar kamfani na tsaye a ƙofar makaranta, direban na sauke kwali. Auta ya gan ta, amma bai juya ba.

"Ina kwana, Baba. Ga sittin."

Baba ya ɗage zanen, ya ƙirga ashirin, ya mayar da zanen ya rufe.

"Na yi wa mai mota alkawarin wata ɗaya. Ya tsaya min ranar da ba ni da kowa. Ni ba na sallamar mutum don wani ya dawo."

"Bayan watan fa?"

"Ka zo gobe. Ka zo jibi. Ka zo ranar da ake ruwa da ranar da wani taron ya sake sauka. Sauran masu shayi sun tambaye ni, na ce musu ina dubawa." Ya ɗauko wani tsohon kofi mai tsagaggen baki daga ƙarƙashin tebur, ya ɗauraye, ya cika. "Zauna ka sha. Kofin ubanka ne. Tsayuwar nan taka tana sa ni jiri."

Auta ya zauna. Rabonsa da zama har ya manta. Shayin ya ƙona masa harshe, bai ajiye ba.

Malama ta fito daga ƙofar makaranta da alli a yatsunta, ta leƙa amalanken, ta ga arba'in ɗin da suka rage. Ta laluba jaka, ta ciro wani tikiti da ya yamutse, wanda wani baƙo ya yar a ajinta.

"Mai burodi, kana karɓar tikiti?"

Ya dube ta, idonsa ya kawo ruwa. Ya karɓa da hannu biyu, ya zaɓo mata mafi zafi.

"Ɗakin fa sai baɗi, Malama."

"Akwai taga a ɗakin Inna na gida, ta ishe mu kafin baɗi," in ji ta, tana gutsurar burodin. "Na duba."

Baba ya yi gyaran murya, ya ce idan sun gama su matsa masa daga gaban tebur. Auta ya shanye sauran shayin, ya kama amalanke. Burodi talatin da tara ne zai zagaya da su shago-shago kafin su huce, kuma kwaɓin gobe na jiransa.